DARA: TUN WAJEN ZUBI AKE CINYE TA

Wanda ya ratsa ta Limawa ko Kwangila ko bakin Kasuwar Gwari a garin Minna bayan sallar la'asar, yakan yi kiciɓis da gungun mutane a gindin bishiya, sun sunkuyar da kai ƙasa kamar masu neman allurar da ta faɗi. Idan ya matsa kusa sai ya ga ashe mutum biyu ne kaɗai ke aiki, sauran duk 'yan kallo ne. A gaban mutum biyun nan akwai 'yan ramuka talatin da aka tona cikin rairayi, ɗaya yana riƙe da tsinkaye, ɗaya kuma tsakuwa. Dara ke nan, wasan da ba ya bukatar ko kwabo kafin a kafa shi, amma yana bukatar kai fiye da wasanni da yawa da ake sayowa a kanti.

A irin wannan zama ne akan ji saurayi ya tashi yana kakkaɓe riga, yana cewa, "Baba, yau dai sa'a ka yi." Dattijon kuwa, ba tare da ya ɗaga kai ba, sai ya ce, "Yaro, tun ɗanka na tara ka mutu. Sauran duk jana'iza muka tsaya yi." 'Yan kallo su fashe da dariya, saurayi ya tafi yana ganin an yi masa ba'a ne kawai. Alhali kuwa dattijon gaskiya ya gaya masa, kuma wannan gaskiya ita ce tushen dukkan dabarun dara. Ba a wajen tura 'ya'ya ake cinye ta ba, tun wajen zubi ne.

Ya kamata a fara rarrabewa, domin sunan dara ya hau kan wasa fiye da ɗaya. Akwai ta gurbi goma sha biyu wadda ake ɗibar 'ya'ya ana rarrabawa gida gida, irin wadda Yarabawa ke kira ayo. Ba ita ake nufi ba a nan. Wadda ake nufi ita ce ta jera uku, wadda Zabarmawa a Jamhuriyar Nijar ke kira dili. Littattafan Turawa na wasanni, kamar wanda R. C. Bell ya wallafa a 1960, sun fi danganta ta da Dakarkari na ƙasar Zuru. Wannan kuwa ba zai ba mutumin Minna mamaki ba, don Zuru tana cikin Lardin Neja ne a da, sai a 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka haɗa ta da Sakkwato, daga baya a 1991 ta faɗa Jihar Kebbi. Minna kuma gari ne na haɗuwa tun da aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano a 1911, inda Gwari da Nufawa da Hausawa da sauran kabilu suka zauna tare, kowa da irin darar da ya taso da ita.

Ka'idodinta ba su da yawa. Gidaje talatin ne, sahu biyar, kowane sahu gida shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu. Kashi na farko shi ne zubi, wato kowa ya riƙa sa ɗa guda a gidan da ya ga dama, bi da bi, har 'ya'yan su ƙare, amma an hana mutum ya jera uku a wannan lokaci. Kashi na biyu shi ne tafiya: a tura ɗa guda zuwa gidan da ke maƙwabtaka da shi, gaba ko baya ko gefe, ban da a karkace, ban da tsallake. Wanda ya jera uku a kwance ko a tsaye ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa, in ban da wanda ke cikin jerin uku da ya riga ya kafu. Jerin huɗu ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi.

Don a ji daɗin bin bayanin da ke tafe, mai karatu ya zana gidajen a takarda ya ba su lamba daga hagu zuwa dama. Sahun sama 1 zuwa 6, na biyu 7 zuwa 12, na uku 13 zuwa 18, na huɗu 19 zuwa 24, na ƙasa 25 zuwa 30.

Abu na farko da ɗan koyo ba ya lura da shi shi ne lissafin da ke gabansa ƙiri ƙiri. 'Ya'ya ashirin da huɗu za su shiga gida talatin. Ashe ke nan idan an gama zubi gida shida ne kaɗai za su rage babu kowa. Ɗan koyo yana kallon inda 'ya'yansa suke, gwani kuwa yana kallon inda gidajen nan shida za su kasance, da kuma 'ya'yan wa za su kewaye su. Ɗan da ba ya maƙwabtaka da gidan da babu kowa ba ya iya motsi, ko da an ɗora shi a wuri mafi kyau. Sau da yawa akan ga mutum ya cunkushe 'ya'yansa wuri guda yana murna ya kama tsakiya, da aka zo tafiya sai ya tarar biyu ko uku ne kaɗai ke da hanya, sauran sun zama kamar fasinjojin da suka cika mota babu mai tuƙi.

Gidajen kuma ba darajarsu ɗaya ba. Hanyoyin jera uku a faɗin dara duka talatin da takwas ne, ashirin a kwance, goma sha takwas a tsaye. Gidan kusurwa, wato 1 da 6 da 25 da 30, kowanne yana shiga cikin hanya biyu ne tak. Gida na 15 da na 16, waɗanda ke tsakiyar tsakiya, kowanne yana shiga cikin hanya shida. Shi ya sa ba a ganin gwani ya fara zubi daga gefe. Wanda ya sami hannun farko yakan faɗa ɗaya daga cikin gidajen nan biyu, na biyu kuma, idan yana da wayo, ya faɗa ɗayan nan take, don kada a haɗa masa biyu a wurin da ya fi kowane wuri ƙofofi.

Daga nan sai maganar siffar da ake ginawa. 'Ya'ya biyu a jere, kamar 15 da 16, suna da baki biyu, 14 da 17. Abokin karawa yana bukatar 'ya'ya biyu kafin ya toshe su. Idan aka ƙara na uku a 9, ya zama kamar ƙugiya, bakunan sun koma huɗu, don 9 da 15 sun buɗe 3 da 21. Idan aka cika su huɗu a dunƙule, 9 da 10 da 15 da 16, bakunan sun zama takwas. 'Ya'ya huɗu ke nan suna neman a ba su masu gadi takwas. Ba lalle ne kowane baki ya zama barazana ba, sai in akwai ɗa na waje da ke tsaye kusa da shi yana jiran shiga, amma duk da haka wanda ya bar abokin karawarsa ya dunƙule huɗu a tsakiya ya ɗauki aikin gadi har ƙarshen wasa. Wannan dunƙulen a gefe bakinsa shida ne, a kusurwa huɗu.

Akwai wata siffa mai sauƙi da take cin 'yan koyo kullum, wato biyu a jere, sai gida guda babu kowa, sai na uku a sahu ɗaya, kamar 19 da 20 da 22. Doka ba ta hana ta ba, don ba a jera uku ba. Amma da zarar an fara tafiya, 22 zai matso 21, an ci. Ido yakan tsallake ta saboda giɓin da ke tsakani yana sa a ga kamar 'ya'yan ba su da dangantaka.

Sai dai dabarar da ta fi duka daɗi, wadda take bambanta wanda ya iya da wanda yake tsammanin ya iya, tana fitowa ne daga dokar nan ta hana jera uku lokacin zubi. Mutane suna ɗaukarta takunkumi, alhali makami ce. A ce mai tsinke yana da 15 da 16, mai tsakuwa kuma yana da 8 da 20. Gida na 14 ya haramta ga mai tsinke, don zai cika masa uku a kwance. Ya kuma haramta ga mai tsakuwa, don zai cika masa uku a tsaye. Ashe ke nan babu mai iya toshe shi, dole ya kasance cikin gidaje shida da za su rage. To wa zai shige shi idan an fara tafiya? Maƙwabtansa huɗu ne, 8 da 20 da 15 da 13. Uku sun riga sun cika, kuma duk wanda ya ɗaga ɗaya daga cikinsu ya shiga, ya rushe jerin da yake nema da hannunsa. Saura 13. Wanda ya riga sa ɗansa a 13 shi ne mai gida na 14, kuma ya ci ɗa guda tun ba a motsa kome ba. Irin wannan ne dattijo ke nufi da ya ce wa yaro ya mutu tun ɗansa na tara. Yaron yana can yana gine gine a wani gefe, bai ga cewa gida guda a bakin dara ya fi dukkan gininsa daraja ba.

Ƙarshen zubi yana da nasa lissafi. A yawancin wurare wanda ya fara zubi shi ke fara tafiya, na biyu kuma shi ke da ɗan ƙarshe. Ɗan ƙarshen nan baki guda kaɗai zai iya toshewa. Saboda haka burin mai hannun farko shi ne ɗansa na goma sha biyu ya bar barazana biyu a buɗe, a toshe guda, ya ci da guda. Burin na biyu kuwa shi ne kada ya isa wannan matsayi yana bin bashin toshiya fiye da ɗaya. Tun daga ɗa na takwas ya kamata ya tsaya ya ƙidaya bakunan da ke buɗe da 'ya'yan da suka rage a hannunsa. Idan bakunan sun fi yawa, to gini ya ƙare, sai toshiya, ko kuma ya kafa tasa barazanar da za ta rama masa nan take. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan aka shiga tafiya, abin da kowa ke nema shi ne doki. Jerin uku guda ɗaya yana ci ne sau ɗaya cikin hannu biyu: a buɗe, a rufe, kuma tsakanin buɗewa da rufewa abokin karawa yana da damar faɗawa cikin giɓin. Doki kuwa 'ya'ya biyar ne da aka tsara yadda ɗa guda zai riƙa kai da kawowa tsakanin gida biyu, kowace tafiya tana cika uku. A ce mutum yana da 1 da 2 da 7 da 8, na biyar yana 3. Ya sauko 9, ya ci. Ya koma 3, ya ci. Babu hannun da zai tafi a banza. Wanda aka hau masa doki yakan ga 'ya'yansa suna zubewa kamar ganyen bishiya da hunturu, kuma galibi a nan ne ake watsa rairayi a ce a sake sabuwa.

To amma doki ma suna suka tara. Wancan na 3 da 9 yana da rauni, domin sa'ad da ɗan ya hau 3, gida na 9 yana da ƙofa biyu, 10 da 15. Idan abokin karawa ya tsayar da 'ya'ya a duka biyun, mai doki guda ɗaya zai iya ɗaukewa, ɗayan ya shige, doki ya gurgunce. A gwada shi da wanda aka ɗaure a kusurwa: 4 da 5 da 10 da 11, na biyar yana kai da kawowa tsakanin 6 da 12. Gida na 6 ba shi da ƙofar da baƙo zai bi. Gida na 12 ƙofarsa guda ce, 18, kuma duk wanda ya zo ya tsaya nan za a ɗauke shi kafin ya shiga. Abin mamaki ke nan na dara. Kusurwar da aka ce ba ta da daraja wajen zubi ita ce turken da ya fi kowanne tsaro wajen tafiya.

Maganin irin wannan doki biyu ne. Na farko rigakafi: duk wanda ya ga huɗu sun dunƙule a 4 da 5 da 10 da 11, kuma na biyar ya zo ya tsaya a 18, to ya sa ɗansa a 12, ba a 6 ba, don 12 ita ce mashigar duka biyun. Na biyu kuwa, idan doki ya riga ya tashi, shi ne mutum ya jera nasa ukun ko ta halin ƙaƙa, sa'an nan ya ɗauke ɗaya daga cikin biyun da ba su cika ba a wannan lokaci. Doki yana da sahu biyu, amma guda ɗaya ne ke da kariya a kowane hannu.

Zaɓen ɗan da za a ɗauka wani fage ne da kwaɗayi ke kayar da mutane. Wanda ya ci yakan miƙa hannu ga ɗan da ya fi kusa, ko wanda ya fi ba shi haushi. Tsarin da ya kamata a bi shi ne a fara duba ko abokin karawa yana da ci a hannu mai zuwa. Idan yana da shi, dole a karya shi, sauran magana daga baya. Idan yana da ci ta hanya biyu ko uku, a nemi ɗan da hanyoyin suka haɗu a kansa. Sai in babu wannan ne ake ɗauke mai gadin da ya toshe wa mutum baki. Akwai kuma ɗan da bai kamata a taɓa ba, wato wanda ke cunkushe ba shi da hanya, wanda ɗauke shi zai buɗe wa 'yan'uwansa numfashi.

Wannan ya kawo maganar da ba a cika yinta ba a bakin dara, ko da yake gwanaye duk sun san ta. A dara ba a cewa an bar hannu. Dole mutum ya motsa wani abu idan layi ya zo kansa. Ɗan da aka ajiye gadi yana da amfani ne muddin yana tsaye inda yake, saboda haka mai gadi da yawa yana bukatar wani ɗa sakakke wanda zai riƙa yawo da shi yana kashe lokaci. Idan aka tsare wannan sakakken, ko aka ɗauke shi, sai mutum ya duba ko'ina ya ga babu abin turawa sai mai gadi. Ya ɗaga shi da hannunsa, ya buɗe ƙofar da ya yini yana tsarewa. A nan ne karin maganar nan ta dara ta ci gida take samun cikakkiyar ma'anarta. Gwani yakan ƙi cin da zai samu nan take don ya ƙuntata wa wancan sakakken, 'yan kallo suna ta gunaguni suna cewa ya makance, sai bayan hannu uku su ga abin da ya hango.

'Yan kallo kam, Allah ya shirye su. Babu wasan da ɗan kallo ya fi gwaninta a cikinsa kamar dara, kuma babu wanda ya fi saurin ɓacewa idan aka ce to ya zauna.

Samarin Minna na yanzu sun fi sanin ludo da dara, kuma idan aka yi musu maganar lissafi sukan ce wasan da ake jefa dayis ba shi da dabara sai sa'a. Wannan ma ba haka ba ne, kuma babban abin misali shi ne yayan ludo, wasan da Larabawa ke kira tawula, Turawan Ingila kuma bakgamon. Ɗaliban da suka yi karatu a Alƙahira sun gan shi a gidajen shan shayi, haka ma wanda ya zauna da mutanen Lubnan ko Siriya. Asalinsa nardu ne na ƙasar Farisa. Gidajensa ashirin da huɗu, kowa yana da 'ya'ya goma sha biyar, ana jefa dayis biyu, kowa yana ƙoƙarin kai 'ya'yansa gida ya fitar da su kafin ɗan'uwansa. Ɗan da ke zaune shi kaɗai ana iya buge shi ya koma farko, amma biyu a gida ɗaya sun kama gidan, ba mai sauka a kansu. Wanda ya kama gida shida a jere ya gina katangar da ba ta tsallakuwa, don babu dayis da ya wuce shida.

Sa'ar da ake magana a kanta tana da iyaka da ma'auni. Dayis biyu suna faɗuwa ta hanya 36. Idan hanya a buɗe take, ɗan da aka bari shi kaɗai gida shida daga abokin gaba ana iya buge shi ta hanya 17 daga cikin 36 ɗin nan. Wanda ke gida ɗaya daga gare shi, ta hanya 11. Wanda ke gida bakwai, ta hanya 6. Wanda ke gida goma sha biyu, ta hanya 3 kacal. Ashe idan ya zama dole a bar ɗa shi kaɗai, a bar shi can nesa, in ba ta samu ba a manna shi kusa, amma ban da tsaka tsaki. Kowane ɗan wasa yana farawa da tafiyar gida 167 a gabansa, kuma gwani yakan ƙidaya abin da ya rage masa da abin da ya rage wa abokin karawa. Idan shi ke gaba sai ya gudu, ya guji faɗa. Idan shi ke baya, gudu ba nasa ba ne, sai ya kama gida guda a yankin abokin gaba ya zauna jiran ɗan da zai fito shi kaɗai. Da wasan sa'a ne zalla, da ba a sami na'urar da ta ƙware a kansa ba. Amma tun 1979 wani shirin kwamfuta na Hans Berliner ya doke zakaran duniya na lokacin, Luigi Villa, a Monte Carlo, ko da yake masana sun yarda dayis ya taimake shi a ranar. A 1992 kuma Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da wani shiri da ya koya wa kansa wasan ta hanyar karawa da kansa, har gwanaye suka sake wasu dabarun buɗe wasa saboda abin da suka gani a wurinsa.

Wanda ya dubi wasannin biyu zai ga hankali guda ne ke tafiyar da su: kada a bar ɗa ba mataimaki, a toshe hanya kafin a nemi ci, a ƙidaya kafin a motsa. Bambancin shi ne mai tawula yana da abin ɗora wa laifi idan ya faɗi, mai dara kuwa ba shi da kowa sai kansa. Akwai kuma wani bambanci da almajiran fiƙihu suka sani, don nardu ya zo da sunansa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka hana yinsa. Hukuncin sauran wasanni na malamai ne, ba na wannan fili ba. Abin da babu gardama a kansa shi ne duk wasan da aka ɗora wa kuɗi ya tashi daga wasa ya koma caca, duk kuma wanda ya cinye wa mutum lokacin salla ko na neman abinci ya zama masifa ko da ba a ɗora masa sisi ba.

Abin damuwa a Minna shi ne gindin bishiyoyin da ake dara suna raguwa, waɗanda ke zaune a ƙarƙashinsu kuma furfura ta fi yawa. Inda aka shafe ƙasa da siminti ba a tona rami, sai katakon diraf da kwalin ludo da karta. Yaran da a da za su tsuguna bayan dattijo su koyi zubi, yanzu suna tsugune a kan wayar hannu ko a ƙofar shagon cacar ƙwallo. A Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Ikko a 1973, wasannin gargajiyar da aka fi jin sunansu su ne ayo da dambe da kokawa da langa da abula. Ayo ta kai nan ne don an zauna an daidaita ka'idodinta an rubuta. Dara kuwa har yanzu kowane gindin bishiya da tasa doka. Wasu suna hana jera huɗu sam, wasu suna bari amma ba ya ci. Wasu sukan yarda a ɗauki ɗa daga cikin jerin uku. Wasu suna faɗaɗa gidajen su wuce talatin. Duk wanda ya je baƙon wuri, a Bosso ne ko Tunga ko Chanchaga, ya tambayi dokar wurin kafin ya sa ɗan farko, don rigimar dara galibi ba a kan ci take tashi ba, a kan doka ce. Aikin daidaita waɗannan ka'idodi bai fi ƙarfin hukumar wasanni ta jiha ba, bai ma fi ƙarfin makaranta guda ba, tunda kayan aikin duka rairayi ne da tsinke da tsakuwa.

Ga wata matsala ga mai son ya gwada kansa. Kowa saura 'ya'ya biyar gare shi. Mai tsinke yana da 4 da 5 da 10 da 11 da 18. Mai tsakuwa yana da 16 da 17 da 21 da 24 da 28. Hannun mai tsinke ne. Zai tura 18 zuwa 12 ya jera uku, wannan kowa ya gani, dokinsa kuma ya kusa tashi. Tambayar ita ce, wane ɗa zai ɗauka? Guda ɗaya ne kaɗai daga cikin biyar ɗin zai bar dokin da rai, sauran huɗun duk wanda ya ɗauka za a rama a karya masa 4 ko 5. Kada a manta cewa tashinsa daga 18 ya bar wani gida a buɗe.